Ƙarfen Agogon Walburga

Ƙanwata Bernadine, wadda muke kira Berni, tana da baki. In ta ce maka ta je sayen albasa, sai ka ajiye abin da kake yi ka zauna ka ji yadda suka ƙare da mai albasar. Ni kuwa Loretta, da na girme ta, ko labarin gobara na zo da shi, ban kai tsakiya ba wani zai ce a miƙo masa gishiri. Haka muka taso a gidanmu na gabashin kogi a Milwaukee, haka kuma muka tsufa. Abin yana ci mini rai tun ina yarinya, kuma ban ga dalilin da zan ɓoye ba.

Abu ɗaya na fi ta da shi, shi ne labarin gidanmu.

Rabin labarin duk ɗan garin nan ya san shi, tunda kowa ya ga gadojinmu a karkace suke. Da can gari biyu ne, gabas da yamma, masu garuruwan kuma ba sa ga-maciji da juna, har kowa ya shata titunansa yadda ba za su yi daidai da na tsallake ba. A 1845 mutanen yamma suka tsinke rabin wata gada suka zubar a ruwa. Namu na gabas suka jawo wata tsohuwar igwa. Da aka rasa harsashi, sai aka tattaro ƙarafan agogo aka ɗura mata, irin dunƙulen ƙarfen nan da ke reto a sarƙa yana jan agogon bango. Aka saita ta gidan mai garin yamma. Ba a harba ba. Wani ya zo ya ce akwai gawa a gidan, 'yar mutumin ta rasu, jikin kowa ya yi sanyi aka watse.

Ɗaya rabin namu ne mu kaɗai, daga bakin kakarmu, wadda muke kira Oma. Ta ce cikin ƙarafan da aka ɗura wa igwar har da na agogon da kakar kakarta Walburga ta zo da shi daga Jamus. Mijinta ne ya cire shi ya kai, giya na gaya masa ƙarya. Da aka watse, Walburga ta je ta zura hannu a bakin igwar har kafaɗa, ta lalubo nata, ta ƙunso shi a zani. Mijin ya miƙo hannu zai mayar da shi jikin agogo, ta buge hannun. Ta ce ƙarfen da ya yarda a tura shi kisan kai ba zai sake gaya mata lokaci a gidanta ba. Ta sauka ɗakin ƙasa ta ɗora shi a kan randar kabejin da take tsimawa, don ya danne. Tun ranar agogon ke tsaye, ƙarfen kuma yana kan kabeji, mace na bar wa mace.

Da Oma ta ga ƙarfinta ya ƙare, ta kira mu bakin gado. Ta dubi Berni ta ce, "Ke mai son ado, ɗauki agogo." Ta dube ni ta ce, "Ke mai riƙo, ɗauki ƙarfe da randa, ki riƙe labarin yadda na ba ki. Kada a ƙara masa gishiri, kada kuma ƙarfen nan ya koma."

Na yi murna a lokacin, na ɗauka ni aka fifita. Sai daga baya na lura cewa agogo a bango ake rataye shi inda kowa zai gani, ƙarfe kuwa yana ɗakin ƙasa cikin duhu yana tsami.

Berni ta auri Elroy, ɗan yamma, wanda ya gaji mashayar ubansa a tsallaken kogi. Ta kafa agogon a bangon da ke bayan kantar sayar da giya, tsakanin kwalabe. Duk Juma'a da yamma, in an cika ana cin soyayyen kifi da wainar dankali, sai ta ƙwanƙwasa kofi da cokali ta ba da labarin. Ba a daɗe ba mutane suka manta da sunan mashayar, kowa sai ya ce Gidan Agogo.

Da farko nakan je. Wata Juma'a na ji ta ce Walburga kyakkyawa ce mai jan gashi, alhali Oma ba ta taɓa cewa komai a kan gashinta ba. Na ce, "Ba haka ba ne." Wani ƙato da man kifi a gemu ya juyo ya ce mini, "Baba, don Allah bari mai labarin ta ƙarasa." Mai labarin! Na ajiye cokalina na fita. Daga ranar ban sake taka gadar nan ba. Mukan gaisa ta waya ranar Kirsimeti, ta tambayi gwiwata, in tambayi hawan jinin Elroy, shi ke nan.

A watan Mayun bana, muna fitowa daga coci, ƙawata Gladys ta riƙo hannuna. Gladys irin matan nan ne da ba sa iya riƙe zance ya kwana.

"Ke Loretta, ashe ku manya ne ba mu sani ba! Shekaranjiya jikana ya kai ni Gidan Agogo. Wallahi ƙanwarki sai da ta sa ni hawaye."

"Kifin ne ya yi yaji?"

"Rabu da ni da baƙar magana. Wurin nan da Walburga ta tsaya a kan karyayyar gada ta wurga ƙarfen cikin kogi, ai nan na kasa haɗiye loma."

Na tsaya cak. "Ta wurga shi ina?"

"Cikin kogi mana. Ke da gidanku ba ki sani ba? Yana can ƙasan ruwa har yau. Akwai ma wasu samari masu nutso da suka ce in ruwa ya yi ɗumi za su shiga nemansa. Har 'yan jarida za su zo."

Ban san yadda na iso gida ba. Na sauka ɗakin ƙasa da takalman cocina, na ɗaga ƙyallen randa. Ga shi nan zaune a kan faifan katako, baƙi, dogo kamar taɓarya ƙarama, da 'yar ƙugiyarsa a ka. Hannuna ya san duk wani gurbi da ke jikinsa. Ni na wanke shi duk kaka, ni na ɗauke shi na mayar, ni na sha warinsa tun ina budurwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tafi. Jan gashin na haƙura da shi. Amma wannan, cire ni ta yi daga labarin ɗungurungum. In ƙarfe yana kogi, to ba Loretta ke nan, ba randa, ba matan da suka riƙe shi ɗaya bayan ɗaya. Sai ita da agogonta da bakinta.

Ranar Juma'a na ciro shi. Da gangan ban wanke shi ba. Na naɗe shi a tawul na saka a jakar cefane, na sa rigata mai kyau, na kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba. Ƙarfen ya fi yadda nake zato nauyi, ko kuwa ni ce na rage. Ina tsakiyar hanya ƙararrawa ta kaɗa, aka sauke sanda, aka ɗaga gadar don wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya wuce. Na tsaya ina sauya hannu, ina maimaita abin da zan faɗa. Na tsara shi tsaf, har da inda zan yi shiru in bar kunya ta ci ta.

Mashayar ta cika maƙil, ƙamshin mai da albasa har titi. Elroy ne ya fara ganina, yana ɗauke da faranti uku a hannu ɗaya.

"Kai! Yaya Loretta? Yau gabas ta yi ɓatan kai ne, ko gadar ce ta miƙe?"

"Da ku mutanen yamma kun iya ja layi, ai da ta daɗe da miƙewa."

"Bakin nan dai yana nan. Zauna, zauna, ga kujera. Me ke cikin jakar, kin kawo mana igwar ne?"

"Ka kusa," na ce.

Ya yi dariya ya wuce. Na zauna a lungu kusa da inda ake rataye riguna, jakar a kan cinyata. Berni tana can bayan kantar giya, ta yi ƙiba, gashinta ya yi fari tas, kuma ko hakan ya yi mata kyau. Ba ta gan ni ba. A bayanta ga agogon, katakonsa na sheƙi, sarƙarsa na lilo ba komai a bakinta. Na san Elroy yana zuba masa mai duk shekara, har yakan gwada shi da jakar ƙusoshi in ba kowa, don Berni ta taɓa gaya mini a waya tana dariya.

Ta ƙwanƙwasa kofi. Gidan ya yi tsit, har yara.

Zan faɗi gaskiya, don ni ba na ƙara gishiri: ta iya. Ta fara da hazon da ke kan kogi a safiyar. Ta kwaikwayi tafiyar mijin Walburga yana tangaɗi da ƙarfe a hammata, mutane suka kwashe da dariya. Ta sauke murya da ta zo wurin gawar yarinyar, ta ce labulen tagar sama a rufe yake, kuma mai riƙe da wutar igwar yana da 'ya sa'arta. Ba a cikin labarin Oma wannan yake ba, amma sai na ji tsigar jikina ta tashi. Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Na zo in kunyata ta, ga shi ta kama ni kamar kowa. Na ji hassada ta taso mini, ɗaci gare ta.

"Sai Walburga ta taka har bakin inda gadar ta karye," in ji Berni, "ta ɗaga ƙarfen sama, ta sake shi. Ruwa ya haɗiye. Yana can har gobe. Shi ya sa agogon nan yake jira."

"Ƙarya ne!"

Duk abin da na tsara a bakin gada ya gudu, wannan kaɗai ya fito. Na ratsa tsakanin tebura, na warware tawul, na dire ƙarfen a kan kantar giyar har kofuna suka yi tsalle. Warin tsamin kabeji ya bugi na kusa, wata mata ta toshe hanci.

"Ga shi nan," na ce. "Ba ya kogi. Bai taɓa zuwa kogi ba. A kan kabejina yake. Ni ce yayarta, ni aka ba wa."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, aka ce masa ya yi shiru. Berni ta dubi ƙarfen, ta dube ni. Fuskarta ta yi fari kamar gashinta. A rayuwata ban taɓa ganin bakinta a buɗe ba magana ba sai ranar, kuma na ji daɗi.

Da na tsaya nan, da na ci riba. Amma na ɗaga kai na ga yadda idanun mutane suka bar ni suka koma kan agogon, sai wani tunani ya zo mini. Tsayuwar agogon suke zuwa kallo. Agogo mai tafiya kuwa kowa na da shi a hannu. In ya tashi, ba sauran jira, ba sauran labari, sai a bar ta da kifi. Na tuna maganar Oma sarai, cewa kada ƙarfen ya koma. Na tuna, na kuma jawo kujera.

"Yaya, za ki faɗi!" in ji Elroy, ya riƙe ƙafar kujerar.

"Riƙe da kyau, ɗan yamma."

Na hau da gwiwata mai ciwo, na ɗaga ƙarfen da hannu biyu, na saƙala ƙugiyarsa a sarƙa. Sarƙar ta miƙe. Na sa yatsa na ture abin lilon. Ya je, ya dawo, ya sake zuwa. Ƙas, ƙas, ƙas. Gidan ya yi shirun da ana jin man kifi yana tafasa a kicin.

Na sauko na juya gare ta, ina jira in ga ta rushe.

Hawaye ne ke zuba a fuskarta. Ta share da gefen rigar aikinta, ta juya ga jama'a, ta buɗe bakin nan nata.

"Jama'a, ku yafe mini. Shekara da shekaru ina yi muku ƙarya." Ta nuna ƙarfen. "Na ce yana kogi, domin in na ce yana wurin yayata, za ku tambaye ni ina take. Ni kuma sai in ce tana nan tsallake, tafiyar da ba ta kai a kunna mota ba, amma ba ta zuwa. Gara mini in ce ruwa ya ci shi."

Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo."

"Akwai wani yanki na labarin da ban taɓa faɗa ba, don ban zaci zan ga ranarsa ba. Walburga ta ce ƙarfen nan ba zai koma ba, sai ranar da 'yar gabas ta ɗauko shi da hannunta, ta tsallako gada da ƙafarta, don ƙaunar 'yar yamma." Ta miƙo hannu ta kama nawa. "Ko ba haka Oma ta ce ba, Yaya?"

Walburga ba ta faɗi haka ba. Oma ba ta faɗi haka ba. A nan take ta ƙera shi, ina kallonta, yana da ɗumi kamar wainar da aka sauke yanzu.

Na juya, sai na ga duk gidan ni yake kallo. Ba wanda ke tauna, ba mai neman gishiri. Abin da nake so tun ina 'yar yarinya a teburin Oma, ga shi an ajiye mini: mutane sun yi shiru suna jiran abin da Loretta za ta ce. In na faɗi gaskiya, in ce hassada ce ta ɗauko ni, na zo ne in kashe mata kasuwa, to ni ce muguwar tsohuwa mai warin kabeji har in mutu. Bayana agogon yana ta ƙas, ƙas.

"Haka ne," na ce.

Tafin da aka yi sai da tagogi suka amsa. Wani saurayi mai faɗin ƙirji ya rungume ni, ya ce shi ne shugaban masu nutson, na hutar da su shiga taɓo. Elroy yana kuka yana zuba wa kowa giya kyauta. Aka yi ta ɗaukar mu hoto a ƙarƙashin agogon, kumatunta a jikin nawa.

Da hayaniya ta lafa na bi ta kicin. Tana juya kifi a kasko kamar ba abin da ya faru.

"Walburga ba ta faɗi haka ba," na ce.

"Na sani, Yaya."

"Oma ta ce kada ya koma."

"Ai ba ni na hau kujera ba."

Na ce, "To zancen cewa don ba na zuwa ne kika jefa shi a kogi, shi ma ƙirƙira ce?"

Ta tsame kifi ta ɗora a faranti, ta ƙara wainar dankali biyu, ta tura gabana. "Ni ma ban sani ba tukuna. Sai na faɗe shi sau biyu ko uku zan gane. Ci, kin rame."

"Da ƙarfena zan tafi."

"Ga hanya nan. Je ki cire shi a gabansu."

Na leƙa ta ƙofa. Wani uba ya ɗaga 'yarsa a kafaɗa tana sa kunne a jikin katakon agogon. Na zauna na ci kifin. Ya yi daɗi, abin haushi.

Na koma gida da jaka ba nauyi. Na sauka ɗakin ƙasa na tarar kabejin ya taso sama da ruwansa, faifan yana iyo. Na wanke wani bulo na ɗora. Bai zauna daidai ba, kuma kafin sati saman randar ya yi fumfuna, sai da na kwashe kusan rabi na zubar.

Yanzu layin Gidan Agogo ranar Juma'a har kwana yake shan. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na ɗauko takin da kaina, a jakar cefane, na kai mata har gona. Masu jirgin yawo ma sun sa labarin a bakinsu, in sun zo ƙarƙashin gada sai su nuna inda na tsaya. A coci matan da ba su taɓa sanin sunana ba suna riƙe mini ƙofa.

Lahadin da ta wuce, bayan addu'a, ana shan kofi a zauren coci, Gladys ta tara mata ta ce in ba su labarin da bakina. Na ba su. Na Berni na bayar, tunda shi suke so, kuma ni mai riƙo ce: hazon, labulen, jan gashin, 'yar gabas da 'yar yamma, ban zubar da kalma ɗaya ba. Suka saurara har ƙarshe, ba wadda ta katse ni.

Gladys ta dafa hannuna, idonta ya yi rau-rau. Ta juya ga sauran ta ce, "Kun ji ko? To wallahi ba ku ji komai ba. Sai kun je kun ji shi a bakin ƙanwarta."